Mako Guda da Kawu a Bakin Nilu

A shekarun da nake karatu a Khartum, duk baƙon da ya zo daga gida, ɗaliban garinsu ne 'yan rakiyarsa. Da mai neman magani, da ɗan kasuwa mai saro turare, da wanda ya yada zango kan hanyarsa ta Umara, kowa da lambar wani ɗalibi a aljihunsa yake sauka. Jirgin Sudan kan tashi daga Kano, ya ɗan tsaya a Injamena, ya ƙarasa da mutane. Ta haka Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya zo da matarsa a wani hunturu don a duba masa ido. Likita ya sallame shi cikin kwana biyu, jirgin komawa kuwa sai bayan mako guda. Da muka fito daga asibiti da sabon tabarau a fuskarsa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, kwana bakwai ba na kwanciya a masauki ba ne. Tunda Allah ya buɗe idon, ka nuna mini garin nan."

Garin kuwa uku ne a haɗe: Khartum, da Umdurman, da Bahri. Ruwa ne ya raba su, gadoji suka ɗinke su. Saboda haka duk mai son ya gane birnin, daga Mugran zai fara, inda koguna biyu suke gamuwa. Farin Nilu yana tahowa daga kudu, daga tafkin Victoria, da faɗi da nutsuwa kamar dattijo. Shuɗin Nilu kuma daga tafkin Tana yake gangarowa, cikin duwatsun Habasha, kuma a watan Agusta da Satumba shi ne mai ƙarfi, ya zo da laka ja yana tunkuɗe ɗan'uwansa baya. Da hunturu ya lafa, amma duk da haka ido na iya ganin launi biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa tsawon nisa kafin su gauraya. Kawu ya taɓa ganin mahaɗar Kwara da Binuwai a Lakwaja, don haka ya daɗe yana kwatantawa a ransa. Ya ɗaga kyamara a kan gada, na riƙe hannunsa, domin a lokacin ɗaukar hoto a kan gadoji haramun ne, kuma jami'an tsaro ba sa wasa da wannan doka. Muka sauka ƙasa bakin ruwa, ya ɗauka daga can.

Daidai bakin mahaɗar akwai tsibirin Tuti. A lokacin ba a gama gadarsa ba, sai a 2009 aka buɗe ta, don haka jirgin fito muka shiga, mu da mata masu kwandunan cefane da 'yan makaranta da wani mutum mai buhunan siminti. Tafiyar ba ta kai minti goma ba. Amma da muka taka ƙasa, kai ka ce mun yi tafiyar yini mun bar birni. Gonakin ganye da alfalfa, garkunan lemun tsami, jakuna na jan amalanke, hayaƙin wuraren gasa jan bulo, da lunguna ƙuntatattu irin na cikin ganuwar Kano. Mutanen tsibirin Mahas ne, sun zauna nan ƙarnuka kafin a kafa Khartum ɗin kanta, kuma har gobe suna alfahari da yadda kakanninsu suka tare ambaliyar 1946 da buhunan ƙasa da ƙirazansu. Ta tsakanin itatuwan lemo kana hango dogayen gine-ginen birni, amma abin da kunnenka ke ji kukan injin ban ruwa ne da na tsuntsaye. Na san gadar alheri ce. Wanda matarsa ta taɓa fara naƙuda da tsakar dare bayan masu fito sun tashi, shi zai faɗa maka darajarta. Sai dai na koma Tuti bayan an buɗe ta, na tarar da motoci da masu shayi jere a ƙarƙashin gadar, shirun nan kuma ya ragu ƙwarai.

Da yamma kullum a Titin Nilu muke. Manyan itatuwa sun yi wa hanyar rumfa, tsofaffin gine-ginen gwamnati a hannu ɗaya, ruwa a ɗaya hannun. A nan fadar shugaban ƙasa take, wurin da mayaƙan Mahadi suka kashe Janar Gordon na Ingila ranar 26 ga Janairu, 1885. Amma ba fadar ce ta kama zuciyar Kawu ba, matan shayi ne. Kowacce da ɗan akwatinta, da kurfoti na gawayi, da kwalabe jere: citta, kirfa, kanumfari, na'ana'a, zoɓo. Za ta ajiye maka ƙaramar kujera, ta kawo gahawa a 'yar tukunyar ƙasa da suke kira jabana, ta ɗora ɗan turaren wuta a gefe. Da kuɗin da bai kai na ƙosai ba mutum zai zauna awa biyu, ba mai tashinsa. Sau biyu muna miƙewa za mu biya sai matar ta nuna mana wani da ya riga ya yi nisa, ta ce ya biya mana. Ba mu san shi ba, bai san mu ba. Ya ji muna wani harshe, ya gane baƙi ne, shi ke nan.

Rana ta uku muka shiga Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1971, ba nisa da Mugran. Ni kaina sau ɗaya na taɓa shiga kafin nan, kuma a gurguje. Da Kawu kuwa sai da muka kai azahar. A farfajiya akwai wuraren bauta na dutse sukutum, waɗanda aka kwance tubali-tubali daga Buhen da Semna da Kumma a shekarun 1960, lokacin da madatsar Aswan ta Masar za ta nutsar da ƙasar Nubiya, aka ɗauko su aka sake ginawa a nan. An haƙa musu doguwar kududdufa a tsakiya a madadin kogin da aka raba su da shi. A ciki kuma ga gunkin Taharka, sarkin Kush baƙar fata wanda ya mulki Sudan da Masar a haɗe kimanin shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa. Kawu malamin makarantar firamare ne, ya shekara talatin yana koyar da yara labarin Fir'aunan Masar. Ya tsaya gaban gunkin ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Ashe akwai Fir'auna mai kama da mu, ba a taɓa sa mana shi a littafi ba?" A bene na sama akwai zane-zanen bango na cocin Faras, waɗanda masu tonon tarihi na ƙasar Folan suka ceto kafin ruwa ya ci wurin, shaidar cewa ƙasar ta yi ƙarnuka tana ƙarƙashin masarautun Kirista kafin Musulunci ya game ta. Kawu ya sayi izinin hoto, ya bi akwatunan gilashi ɗaya bayan ɗaya yana ɗauka: sarƙoƙin zinariya, tukwane masu zanen kada da kwaɗo, ƙananan gumaka. Matarsa ta gaji ta fita ta zauna a inuwa. Shi kuwa sai da fim ya ƙare.

Umdurman ita ce zuciyar ƙasar. Khartum ta gwamnati ce da ofisoshi, Bahri ta masana'antu, amma mutumin Sudan in yana son ya nuna maka asalinsa, ƙetaren Farin Nilu zai kai ka. Tun daga bakin ruwa ake ganin ragowar ganuwar laka da mayaƙan Mahadi suka gina don harbin jiragen yaƙin Ingila. Daga nan sai ƙubbar Mahadi mai launin azurfa. Ta asalin kwamandan Ingila Kitchener ya ragargaza ta bayan yaƙin Karari na 2 ga Satumba, 1898, inda bindigogi masu jigida suka kashe Ansaru, mabiyan Mahadi, sama da dubu goma a safiya ɗaya. Wadda ake gani yanzu a 1947 aka sake gina ta. Tsallaken titi kuma gidan Halifa Abdullahi ne, wanda ya gaji Mahadi ya yi mulki shekara 13. An mayar da gidan ɗakin ajiye kayan tarihi: jibbobi masu faci, takubba, sulke, kuɗin da daular ta buga, wasiƙu, da ƙololuwar tsohuwar ƙubbar a ajiye a tsakar gida.

A nan ne Kawu ya zama mai yi mini bayani. Ya tuna mini da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mubaya'a ga Mahadi ta wasiƙa tun daga ƙasar Adamawa. Ya tuna mini cewa shekara biyar kacal bayan Karari, irin bindigogin nan suka iske Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yau ake kira Mayurno. Ya so ƙwarai mu je, amma tafiyar ta kusa kilomita 300, ba ta yini ɗaya ba ce, kuma likita ya hana shi shan ƙura da yawa. Ya ce in Allah ya sake kawo shi, can zai fara.

Kasuwar Umdurman kuwa ranar matar Kawu ce. Ta fito da takarda mai sunayen mata sun fi ashirin, kowacce da saƙonta: humra, turaren wuta, dilka, lalle, laffaya, icen sandal. Duk amaryar da aka yi wa gyaran jiki a Kano ko Maiduguri, da wuya a rasa wani abu a kayanta da asalinsa ba daga waɗannan rumfuna ya fito ba. Muka bar ta da masu turare, muka bi layin dukawa masu ɗinka takalmin markub, da na masu saƙa gadon igiya, da na maƙeran azurfa. A bakin wani lungu ƙanshi ya tsayar da mu. Tsire ne sak, da ƙuli-ƙuli da yaji, mutanen Sudan kuma agashe suke ce masa, da kalmarmu. Kawu ya yi wa mai naman sallama da Hausa don gwaji. Mutumin ya ajiye wuƙa ya amsa, ya shiga gaisuwa doguwa irin ta mutanen da, yana tambayar gida da damina da Sarki. Hausarsa tsohuwa ce, da Larabci a cakuɗe. Bai taɓa taka Najeriya ba. Kakansa ne ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare a hanya, ya tsaya aikin auduga a gonakin Jazira, ya yi aure, ya haihu. Irinsu miliyoyi ne a Sudan, ana ce musu Fallata ko Takari, kuma ba kullum ake faɗin sunan da girmamawa ba. Ya ƙi karɓar kuɗin naman. Kawu ya cire hularsa ƙube ya ba shi, mutumin ya riƙe ta da hannu biyu.

A lokacin, Juma'a da la'asar baƙo yakan shiga tsaka mai wuya, domin abu biyu ake yi lokaci ɗaya. A unguwar Hajj Yusuf, gabashin kogi, 'yan ƙabilar Nuba na kokawa a fili mai yashi, irin wadda mutumin Sakkwato ko Dosso zai gane ƙa'idarta ba sai an fassara masa ba. A maƙabartar Hamad al-Nil ta Umdurman kuma 'yan Ƙadiriyya na zikiri. Kawu ɗan Ƙadiriyya ne, ya girma da bandiri da maukibi, don haka ba a yi doguwar shawara ba. Mun isa rana ta yi sanyi. Jama'a sun yi babban da'ira a gaban ƙubbar shehin, masu fararen jallabiya a sahu suna rausaya gaba da baya da kalmar shahada, a tsakiya kuma darwishai masu riguna kore da ja, da manyan carbi a wuya, wasu na juyi a ƙafa ɗaya, wani na zagayawa da kaskon turare yana kaɗa wa mutane hayaƙi a fuska. Turawa 'yan yawon buɗe ido na gefe da kyamarori, ba wanda ya kore su, ba wanda kuma ya nemi kuɗinsu. Ana kiran magariba komai ya tsaya cak, aka daidaita sahu. Akwai abokan karatuna da ba sa zuwa wurin saboda fahimtarsu ta addini, kuma ban taɓa jin an yi faɗa a kan haka ba.

A lokacin, fita wajen gari sai da takardar izini, wadda baƙo zai buga kwafi da yawa yana miƙa wa a kowane shingen bincike. Mafi sauƙin zuwa Jabal Auliya ne, kimanin kilomita 40 kudu, inda Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa a kan Farin Nilu a 1937 don amfanin Masar. Iyalai kan je da tabarmi da tukwane, su sayi karfasa ko giwan ruwa daga hannun masunta, a soya musu nan take. Mun yi wuni ɗaya a can. Sabaloka kuma tana arewa, inda kogin yake matsewa tsakanin baƙaƙen duwatsu, ana shiga kwale-kwale a zaga tsibirai. Ita a kan hanya muka leƙa ta, ba mu daɗe ba, domin inda Kawu ya ƙudura ya fi nan nisa.

Bajrawiya ke nan, tsohuwar Marawi ta sarakunan Kush, sama da kilomita 200 arewa da Khartum, gaba da garin Shandi. Mun tashi bayan sallar asuba a motar haya. Hanya miƙaƙƙa, hamada hagu da dama, kogin na ɓuya yana bayyana da koren layin dabino. Wajen hantsi sai ga su a kan tudun yashi ja, dala-dala a jere, ƙanana kuma masu tsini fiye da na Masar. Kawu ya ce da ganinsu ya tuna dalar gyaɗa ta Kano a zamanin ƙuruciyarsa. Kimanin 200 ne a wurin, kaburburan sarakuna da sarauniyoyi da manyan fada na kusan shekara 600, kuma Sudan gaba ɗaya ta fi Masar yawan dala. Yawancinsu ba kai. Wani Ba'italiye mai suna Ferlini ya zo a 1834 yana farfasa wasunsu don neman zinariya, ya kuma samu a kabarin sarauniya Amanishakheto. Kayan adonta yanzu suna gidajen tarihi a Munich da Berlin. A jikin ƙananan ɗakunan da ke gaban kowace dala akwai zanen sarauniyoyi masu jiki, da rubutun da masana suka iya furta haruffansa amma har yau ba su gama gane harshen ba.

Abin da ba na mantawa shi ne babu kowa. Mai sayar da tikiti ɗaya, yara uku da raƙuma, sai mu. A Masar mutum sai ya kutsa cikin dubbai kafin ya taɓa dutse. A nan iska kaɗai ake ji tana zuba yashi a ƙofofin kaburbura. A 2011 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya, tare da Naga da Musawwarat, waɗanda ke cikin daji nesa da kwalta, masu gumakan raguna da zanen zaki da giwa. Mu ba mu kai can ba, motarmu ba ta yashi ba ce. Kawu ya yi sallar azahar a inuwar wata dala, ya daɗe zaune bayan ya sallame. A hanyar dawowa taya ta fashe kusa da wani ƙauye. Kafin direba ya gama canzawa, an shimfiɗa mana tabarma, an kawo ruwan randa da kwanon wake da mai da burodi, mai gidan yana rantsuwa cewa ba za mu wuce ba sai mun ci.

Kawu bai sake zuwa Sudan ba, bai ga Mayurno ba. Ya rasu 'yan shekaru kafin yaƙi, Allah ya jiƙansa.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, ana 24 ga watan azumi, faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasar da dakarun sa-kai na RSF a tsakiyar Khartum. Ƙannenmu ɗalibai da suka gaje mu a ɗakunan kwana suka fito a motocin safa, wasu suka kwana da kwanaki a kan iyakar Masar, wasu ta Port Sudan aka kwaso su. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu. A watan Nuwamba na shekarar aka karya gadar Shambat mai haɗa Umdurman da Bahri, aka kuma lalata wadda ke kan madatsar Jabal Auliya. Tuti, mai ƙofa ɗaya tak, ta zama kurkuku ga mazaunanta, har daga baya akasarinsu suka fice. Gadar da aka gina don sauƙaƙa musu ita aka tsare. Kasuwar Umdurman ta sha wuta da wawaso. Gidan Halifa ma bai tsira ba. Da sojoji suka karɓe tsakiyar birnin a watan Maris na 2025, ma'aikatan Gidan Tarihi suka koma suka tarar da akwatunan gilashi a farfashe, ɗakin ajiyar zinariya wayam. Taharka yana nan a tsaye, nauyinsa ya hana a ɗauke shi. Ƙananan abubuwan da Kawu ya bi yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, da yawansu an loda a mota an yi gaba da su.

Ina yawan tunanin matan shayin Titin Nilu, waɗanda akasarinsu dama gudun wani yaƙin ne ya kawo su Khartum daga Darfur da duwatsun Nuba, da mai agashen da ke riƙe da hular Kawu, da mutumin ƙauyen nan na hanyar Shandi. Ban rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, domin a lokacin gani nake gobe ma suna nan.

Bayan rasuwar Kawu, matarsa ta ba ni kundin hotunansa na wannan tafiya. Hoto 36 ne daga cikin Gidan Tarihi kaɗai, wasu sun dushe, amma ana gane abin da ke ciki, a wasu har da 'yar takardar bayani da lambar kayan. Masu kula da kayan tarihin Sudan suna harhaɗa jerin abin da ya ɓace don a gane shi in ya ɓulla a kasuwannin duniya, kuma tsohon hoto shaida ne. Mu da muka yi karatu a can dubbai ne, daga Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram da Kumasi, kuma da wuya a sami wanda bai taɓa raka baƙo wannan gida ba. 'Yan'uwa, ku buɗe akwatuna da tsofaffin wayoyi ku duba. Wanda ya sami hoto ya adana shi da kyau, ya rubuta shekarar da aka ɗauka a bayansa, ya nemi hanyar isar da kwafinsa ga mutanen Sudan. Ni na riga na wanke nawa 36 ɗin.